Babi Na Biyu: Tarihin Ɗaukar 'Yan Sanda da Biyansu a Arewacin Nijeriya, Daga Dogarai Zuwa Rundunar Tarayya

2.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta kafa sarauta ko hukuma ba ta rasa wasu mutane da take ɗora wa nauyin kamo mai laifi da tsare dukiyar jama'a. Ƙasar Hausa ma haka take tun kafin zuwan Turawa. Wannan babi zai waiwayi tarihin yadda ake shiga wannan aiki a Arewacin Nijeriya, tun daga zamanin dogarai har ya zuwa kan 'yan sandan tarayya. Za a bi tarihin ne ta hanyar amsa tambayoyi uku a kowane zango. Tambayoyin su ne: wane ne ya cancanci a ɗauke shi, wa yake da ikon ɗaukarsa, kuma daga wace taska ake biyansa. Dalilin zaɓen waɗannan tambayoyi shi ne, biyayyar ma'aikaci takan karkata ne ga wanda ya ɗauke shi aiki kuma yake ciyar da shi. Hausawa na cewa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka, sanin mai ɗauka da mai biya shi ne zai haskaka dalilin da ya sa talaka ya riƙa kallon mai kaki yadda yake kallonsa a kowane zamani.

2.1 Dogarai Kafin Zuwan Turawa

A masarautun da ke ƙarƙashin Daular Sakkwato, dogarai su ne idon sarki da hannunsa. Su suke tsaron lafiyarsa a fada da wajen hawa, su suke isar da sammaci, su kamo wanda ake tuhuma su gurfanar da shi gaban alƙali, sannan su zartar da hukuncin bulala idan an yanke. Shugabansu shi ne Sarkin Dogarai. Akwai kuma wasu masu muƙamai da aikinsu yake tafiya tare da nasu, kamar Yari mai kula da gidan kurkuku, da Hauni mai zartar da hukuncin kisa.

Ta fuskar cancanta, ba a duba karatu ko takarda. Mafi yawan dogarai bayin sarki ne, ko kuma cucanawa, wato waɗanda aka haifa a gidan sarauta cikin bauta. Abin da ake nema a jikin mutum shi ne ƙarfi da jarunta da riƙon amana. Akwai hikima a cikin zaɓen bayi domin wannan aiki. Bawan sarki ba shi da dangi a cikin gari da zai ji kunyarsu, ba ya kuma neman gadon sarauta, don haka ba shi da wata madogara sai ubangidansa. Ke nan sarki ne mai ɗauka, shi ne kuma mai sallama.

Ta fuskar biya kuwa, babu albashin wata. Dogari yana ci yana sha a fada, ana yi masa sutura, a ba shi wurin zama, wani lokaci har a yi masa aure. Bayan wannan, yakan sami tukuici idan an aike shi da kyauta, kuma duk garin da ya sauka da saƙon sarki, dagaci ne zai sauke shi, ya kuma yi masa guzurin komawa. Wannan tsari ya dace da tattalin arzikin wancan zamani, amma yana da illa guda, ita ce wani kaso na abin da dogari yake samu daga hannun talakawan da aka aike shi wurinsu yake fitowa.

2.2 Rundunonin Farko na Turawa

Tushen 'yan sandan gwamnati ba a Arewa aka kafa shi ba, amma da 'yan Arewa aka kafa shi. A shekarar 1861 da Ingila ta mallaki Ikko, an kafa wata ƙaramar ƙungiya ta mutum 30 domin tsaron ofishin jakadanci. A 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara wasu masu jin Hausa ya ba su makamai da horo. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Waɗannan dakaru sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a Gwalkwas, wato ƙasar Gana ta yanzu. Zuwa 1879 an mayar da su runduna mai mutum 1,200 wadda aka laƙaba wa sunan Hausawa. Ya kamata a lura cewa kalmar "Bahaushe" a bakin Turawan lokacin ta haɗa duk wani mutumin Arewa mai jin harshen, ko da Banufe ne ko Babarbare.

A nan ma ba a nemi karatu ba. Abin da Turawa suka fi so shi ne baƙo, wanda ba shi da uwa ba shi da uba a garin da zai yi aiki, domin kada tausayi ko zumunci su hana shi cika umurni. Idan aka duba da kyau, dabarar da sarakuna suka bi wajen zaɓen bayi ita ce Turawa suka bi wajen zaɓen baƙi. Bambancin da aka samu shi ne, waɗannan sababbin dakaru suna karɓar albashi na kuɗi, suna zaune a bariki, suna kuma sa kaki iri ɗaya.

A 1888 Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar, mai hedikwata a Lakwaja, wadda da ita ya ci Bida da Ilori a 1897. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a 1900, wani ɓangare na wannan runduna ya zama tushen 'yan sandan Arewa. Ko da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, kowane sashe ya ci gaba da riƙe 'yan sandansa, sai a ranar 1 ga Afrilu, 1930 aka narkar da su wuri guda aka sami Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, mai hedikwata a Ikko.

2.3 'Yan Doka a Zamanin En'e

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna. Wannan ya sa aka bar wa dogarai aikin tsaro a cikin masarautu, su kuma 'yan sandan gwamnati aka taƙaita su a unguwannin Turawa da tashoshin jirgin ƙasa da sauran wuraren da ba sa ƙarƙashin sarki kai tsaye. Daga nan Arewa ta kasance da rundunoni iri biyu, kowace da mai ɗaukarta da mai biyanta.

Canji na farko da ya taɓa dogarai shi ne kafa Baitulmali. An soma gwada shi a Katsina a ƙarƙashin H. R. Palmer, kuma zuwa wajen 1911 ya bazu a sauran masarautu. Harajin da aka tara da jangali akan raba su tsakanin gwamnati da En'e, daga kason En'e ake yanka wa sarki da alƙalai da dogarai albashi. Ta haka dogari ya tashi daga bara mai cin tuwon fada ya koma ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata. Canji na biyu shi ne dokar Turawa ta 1901, wadda ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara. Wannan doka ta toshe mafarin da ake samun sababbin dogarai, ko da yake sai a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa.

A tsakiyar shekarun 1920 aka soma wani gyara a Kano, inda aka ware wata ƙungiya mai kaki da fareti da aka kira 'yan gadi. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka rage ƙarfin manyan bayin fada bayan hawan Sarki Abdullahi Bayero a 1926. Daga baya irin wannan ƙungiya ta bazu a sauran masarautu da sunan 'yan doka, su kuma dogarai suka koma ga tsaron sarki da hidimar fada.

Matsalar da aka fara cin karo da ita ita ce ta ƙyama. Jama'a sun saba ganin aikin kama mutane a matsayin aikin bayi, don haka ɗa ba ya son shiga. Domin a kawar da wannan ƙyama, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kan shugabancin 'yan doka. A Katsina an naɗa Usman Nagogo a 1929, tun mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko yana kan gado. A Kano kuma Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962. Dukkansu biyu sun zama sarakuna daga baya. Wannan dabara ta ɗaukaka darajar aikin, amma kuma ta ƙara ɗaure shi da gidan sarauta.

Sharuɗɗan shiga aikin ɗan doka ba su da tsauri. Akan duba tsayi da ƙoshin lafiya, sannan a sami wani babba, kamar hakimi ko mai unguwa, ya tsaya wa mutum. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya, musamman waɗanda suka je Bama a yaƙi na biyu, sun sami shiga da sauƙi saboda sun riga sun iya fareti da bin oda. Da Hausa ake gudanar da aiki, kuma wanda ya iya karatu da rubutun boko yakan yi saurin samun igiya, ya zama kofur ko saje. Daga baya an riƙa tura 'yan doka kwas a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ana kuma aiko wa manyan En'o'i da jami'an gwamnati a matsayin masu ba da shawara.

Albashin ɗan doka ya danganta ne da ƙarfin Baitulmalin da ke biyansa. En'e mai yawan jama'a da arzikin gyaɗa, kamar ta Kano, ta fi ƙananan En'o'i iya biya da samar da kayan aiki. A dunƙule dai, ɗan doka bai kai ɗan sandan gwamnati albashi ba, alhali shi ne ya fi cuɗanya da talakawa a kasuwa da ƙauye. Wannan giɓi ya sa tsohuwar al'adar nan ta sauke manzon sarki da yi masa guzuri ba ta mutu ba, sai dai ta canza kama.

2.4 Siyasa da Rushewar 'Yan Doka

Tsarin 'yan doka yana da amfanin da ba a musunsa. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san harshe, ya san lungu da saƙo, ya kuma san gidan kowa. Baƙon ɓarawo ba ya daɗewa bai shiga hannu ba. To amma da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, sai raunin tsarin ya fito fili. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, kuma babban abin da ta sa gaba shi ne sukar mulkin En'e. Mafi yawan manyan ma'aikatan En'e kuwa suna tare da jam'iyyar NPC. Tun da En'e ce take ɗaukar ɗan doka, ita take biyansa, ita kuma take ba da izinin yin taron siyasa, sai 'yan adawa suka yi ta kukan cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen kama su da ɗaure su. Irin wannan kuka an yi shi a Jihar Yamma game da 'yan sandan ƙananan hukumomi.

Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, ta goyi bayan a riƙe runduna guda ta tarayya maimakon a raba ta ga jihohi. Duk da haka tsarin mulki na 1960 da na 1963 sun bar ƙofa a buɗe ga 'yan doka. Sai bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir domin ya duba al'amarin 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su duka a hannun tarayya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma ta amince. Daga 1968 aka soma shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, a lokacin da Kam Selem, ɗan ƙasar Barno, yake Sufeto Janar. An tace su kafin a karɓe su. Waɗanda suka cika sharuɗɗan lafiya da shekaru da karatu suka sami shiga, sauran kuma aka sallame su. A nan ne rashin Turanci ya zame wa da yawa cikas, domin mutumin da ya yi shekaru yana aiki da Hausa ya wayi gari ana auna shi da ma'aunin da ba a taɓa auna shi da shi ba. Tsarin mulki na 1979 ya rufe wannan babi da cewa runduna ɗaya tak za a yi a ƙasa, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya maimaita haka.

2.5 Sharuɗɗa da Ɗauka a Rundunar Tarayya

Da aiki ya koma hannun tarayya, sai takarda ta maye gurbin mai tsaya wa mutum. An daɗe ana karɓar takardar gama firamare domin shiga aikin kurtu, daga baya aka ɗaga ta zuwa ta sakandare. A sanarwar ɗaukar kurata ta 2023, an nemi mai shekara 18 zuwa 25, mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. An kuma nemi tsayin mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace, da faɗin ƙirji na santimita 86 ga namiji, tare da lambar katin ɗan ƙasa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda ya yi nasara akan tura shi horo a kwalejoji irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja da Oji River. Domin samar da manyan jami'ai kuwa, an kafa Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda a 1988, ta koma mazauninta na Wudil a 1996, ta kuma soma ɗaukar ɗaliban digiri a 2013.

Mata sun fara shiga aikin a 1955, amma da wasu sharuɗɗan da ba a ɗora wa maza ba. Ƙa'idojin aiki na 1968 sun wajabta wa 'yar sanda ta nemi izinin kwamishina kafin ta yi aure, kuma sun yi tanadin korar wadda ta yi ciki ba ta da aure. Babbar Kotun Tarayya ta soke sharaɗin neman izini a 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta soke na kora a 2024.

Yawan ɗauka ma ya haifar da tasa matsalar. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta tsara ɗaukar mutum 40,000 kowace shekara har shekara biyar, adadin da ya fi ƙarfin kwalejojin horo. Halin da Kwalejin Ikeja ta shiga ya fito fili a Janairun 2013, lokacin da wani gidan talabijin ya nuna lalacewar ɗakunan kwananta, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Sannan tsohuwar tambayar nan ta wa yake da ikon ɗauka ta sake dawowa a 2019, inda Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda suka yi jayayya a kan ɗaukar kurata 10,000. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a Yulin 2023 ta tabbatar wa hukumar da wannan iko.

2.6 Albashi Bayan Haɗewa

Haɗewa ta kawar da bambancin albashi tsakanin masarauta da masarauta, domin kurtun da ke Gumel da wanda ke Ikko sun koma kan ma'auni ɗaya. Garaɓasar Udoji ta 1974 ta ɗaga albashin ma'aikatan gwamnati, har da 'yan sanda. Sai dai faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta cinye wannan ƙari, kuma a tsawon mulkin soja ba a ba rundunar kulawar da ta kamata ba. Ƙarshen abin shi ne yajin aikin da ƙananan 'yan sanda suka shiga ranar 1 ga Fabrairu, 2002, saboda bashin alawus da rashin ƙarin girma. Wannan shi ne karo na farko a tarihin rundunar, kuma a watan Maris na shekarar aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Abin lura kuma shi ne, a zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ɗaya daga cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar ita ce a ƙara wa 'yan sanda albashi. Wato su kansu masu kukan zalunci sun gane cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Disamban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sharaɗin shiga aikin tsaro ya tashi daga bauta ya koma baƙunta, daga nan ya koma sanayya, sannan ya tsaya a kan takarda. An ga yadda ikon ɗauka ya bar hannun sarki ya koma hannun En'e, daga bisani ya koma hannun hukumar tarayya. An kuma ga yadda biya ya tashi daga tuwon fada da tukuici ya koma Baitulmali, sannan ya koma asusun tarayya. Abubuwa biyu ne ba su canza ba a duk waɗannan zangunan. Na farko, mai kaki yakan fi jin tsoron mai biyansa a kan wanda aka ce ya tsare. Na biyu, duk lokacin da albashi ya gaza, aljihun talaka ne yake cike giɓin. A Fabrairun 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni sun sake tayar da maganar kafa 'yan sandan jihohi. Tarihin 'yan doka yana da abin da zai ba masu goyon baya, wato amfanin ɗan gari da ya san garinsa, yana kuma da abin da zai ba masu adawa, wato abin da ya sami 'yan NEPU. Duk tsarin da za a zaɓa, sai an fayyace wanda zai ɗauka da wanda zai biya da kuma wanda zai iya kora, domin a nan ne tsarin En'e ya yi tuntuɓe. Babi na gaba zai duba kalmomin aikin ɗan sanda da Hausa ta aro a tsawon wannan tarihi, irin su kurtu da samanja da sufeto da caji ofis, da yadda suka sami gindin zama a bakin Bahaushe.